Ƙaura daga Windows 10 zuwa Windows 11: inda ake samun matsala da yadda ake ceto kwamfuta

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, manhajar da ta fito a watan Yulin 2015 kuma ta yi shekara goma tana tafiyar da kwamfutocin ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba ta daina aiki ba, amma ta daina samun gyare-gyaren tsaro da ake turowa kowane wata, sai fa idan mai ita ya shiga shirin ƙarin wa'adi da ake kira ESU, wanda aka tsara zai kai masu kwamfutar gida zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Wannan ya sa jama'a da dama suke komawa Windows 11, wasu bayan sun yi shiri, wasu kuwa don sun gaji da saƙon da ke ta fito musu a allo. Akasarin masu wannan ƙaura suna gamawa lafiya. Waɗanda abin ya ɓaci musu kuma, in aka bi diddigi, sau da yawa za a tarar fomat, wato goge faifan ajiya, da aka yi cikin firgici bayan kwamfuta ta ƙi tashi ne ya cinye musu takardu da hotuna, alhali sabuntawar da ta gaza ta bar su a inda suke. Windows tana barin hanyar komawa baya fiye da ɗaya, kuma dukkansu suna toshewa da zarar an goge faifan ajiya.

Abin da ke gudana yayin da allo ke ƙirga kaso

Wanda ya san yadda aikin yake tafiya ba zai yi saurin kai hannu ga maɓallin kashewa ba. Tun kana cikin Windows 10, sabuntawar take sauke fayilolinta a cikin wata ɓoyayyiyar folda mai suna $Windows.~BT, tana kuma bincikar direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da sassan kwamfuta irin su allo da sauti da Wi-Fi. Daga nan kwamfuta ta sake tashi a cikin wani ƙaramin muhalli na wucin gadi, inda ake tattara tsohuwar manhajar a zuba ta a folda mai suna Windows.old, a shimfiɗa sabuwa a gurbinta. Sai ta tashi karo na farko don a zaunar da direbobi, ta sake tashi karo na biyu don a ƙarasa kwaso saituna da manhajojin da kake amfani da su. Abin ya yi kama da mai sabunta gida wanda ya tara tsofaffin kaya a ɗaki guda ya kulle, bai zubar da ko ɗaya ba sai ya tabbatar sabon ginin ya zaunu.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya gaza, Windows da kanta take mayar da komai yadda yake, kuma a lokacin ne ake ganin rubutun nan da ke tayar wa mutane hankali: Undoing changes made to your computer. Wannan saƙo yana nuna tsarin kariya yana aikinsa. Yakan ɗauki lokaci mai tsawo, musamman a kwamfutar da ke amfani da tsohon faifai mai juyawa ba SSD ba (sabon nau'in faifai mai sauri), inda ƙirgen zai iya tsayawa a kan lamba ɗaya har sa'a guda ko fiye. Muddin fitilar faifai tana ƙyaftawa, aiki na tafiya. Kashe kwamfuta a wannan gaɓa shi ne ke mayar da ƙaramar matsala babba, domin an katse ta tana tsakiyar mayar da fayiloli, sabuwa ba ta kammala ba, tsohuwa ba ta koma mazauninta ba.

Shirin da ya kamata a yi tun kafin a fara

Abu na farko shi ne a tabbatar kwamfutar ta cancanta. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, tana buƙatar RAM aƙalla gigabait 4, faifan ajiya na gigabait 64, sabon tsarin tashi na UEFI mai iya Secure Boot (kariyar da ke tantance manhaja lokacin tashi), da guntun tsaro na TPM 2.0. A ɓangaren firosesa, jerin da Microsoft ta amince da shi ya fara ne galibi daga zubi na 8 na Intel da kuma Ryzen 2000 na AMD. Ana gane zubin Intel daga lambar da ke bin karan tsakiya: i5-8250U zubi na 8 ce, i5-7200U kuwa na 7 ce, don haka ba ta cikin jerin. Wannan ya shafi masu sayen kwamfuta ta hannu ƙwarai, domin da yawa daga cikin waɗanda kamfanonin ƙasashen waje suka sallama suka shigo kasuwa daga zubi na 4 zuwa na 7 suke. Manhajar PC Health Check ta Microsoft tana faɗin hukunci cikin minti ɗaya, tare da dalilin ƙin amincewa.

Sau da yawa kwamfutar tana da TPM, a kashe kawai yake a cikin BIOS, wato shafin saitunan injin da ake shiga tun Windows ba ta tashi ba. Intel na kiran nasa PTT, AMD kuma fTPM. Ana shiga BIOS da F10 a yawancin kwamfutocin HP, da F2 a Dell, da F1 ko F2 a Lenovo. To amma a nan akwai ramin da mutane da yawa ke faɗawa. Wanda ya ga ana buƙatar UEFI sai ya shiga BIOS ya sauya daga tsohon tsarin tashi na Legacy zuwa UEFI kai tsaye, kwamfuta ta tashi ta ce ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Dalili kuwa shi ne Windows ɗin da aka saka a tsarin Legacy tana zaune ne a kan faifai mai tsohon tsarin rabo na MBR, UEFI kuma sabon tsarin GPT yake nema. Babu abin da ya ɓace a wannan hali. A koma BIOS a mayar da saitin yadda yake, kwamfuta za ta tashi. Hanyar da ta dace ita ce a buga msinfo32 a akwatin bincike na Windows a duba layin BIOS Mode. Idan Legacy ne, sai a buɗe Command Prompt, wato tagar buga umarni ta Windows, ta zaɓin Run as administrator, a fara binciken mayar da faifan GPT da wannan umarni:

mbr2gpt /validate /allowFullOS

Idan binciken ya wuce ba tare da kuskure ba, a sake buga umarnin da /convert a madadin /validate, sannan a shiga BIOS a koma UEFI. Faifan da aka raba fiye da manyan ɓangarori uku ba zai wuce wannan bincike ba.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne kwafin fayiloli a wani wuri da ba cikin kwamfutar ba. Kwafin da aka ajiye a ɓangaren D na faifai ɗaya da Windows bai wadatar ba, domin idan faifan ya mutu ko aka goge shi baki ɗaya, da C da D tare suke tafiya. A samu faifan waje ko filash mai girma, a kwashe Desktop da Documents da Pictures da Downloads, a kuma tuna da abubuwan da ba sa zama a waɗannan wurare: bayanan manhajar lissafin kuɗi ta shago, wasiƙun Outlook da ke cikin fayil mai ƙarshen pst, da lambobin lasisin manhajojin da aka saya. Bayan an kwafa, a buɗe wasu fayilolin daga filash ɗin a ga suna buɗewa, domin akwai jabun filash da ke nuna girman da ba su da shi, suna karɓar fayil su lalata shi. Wannan taka-tsantsan yana da tushe a tarihi. A watan Oktoban 2018 Microsoft ta dakatar da sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809 kwanaki kaɗan bayan fitowarta, saboda ta goge wa wasu mutane fayilolin da ke cikin Documents, ba ta sake sakinta ba sai a watan Nuwamba. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma ya faru.

Abu na uku shi ne makullin BitLocker, tsarin Windows na ɓoye bayanan faifai, kuma zan ɗan tsaya a kansa domin shi ne matsala guda da babu gwanin da zai iya warware ta bayan ta auku. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifansu a rufe da tsarin ɓoye bayanai, mai ita bai ma sani ba, tunda guntun TPM ne ke buɗe shi a ɓoye duk lokacin da aka kunna. Ranar da aka taɓa saitin TPM ko Secure Boot, ko aka sabunta BIOS, ko aka shiga muhallin gyara na Windows da ake buɗewa idan kwamfuta ta ƙi tashi, sai shuɗin allo ya fito yana neman makulli mai lambobi 48. Kafin a taɓa komai, a buga manage-bde -status a Command Prompt a ga ko faifan a rufe yake. Idan a rufe yake, wannan umarni zai fito da lambobin:

manage-bde -protectors -get C:

A rubuta su a takarda, a kuma ɗauki hotonsu da waya. Yawanci makullin yana ajiye a asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi, ana kuma ganinsa a account.microsoft.com/devices/recoverykey. Sai dai wanda ya ba wani ya saita masa kwamfuta, wancan ya shiga da asusunsa, makullin yana hannun wancan. Wanda ya sayi ta hannu da ta fito daga wata ma'aikata, mai yiwuwa makullin yana can wurin ma'aikatar da ba zai taɓa iya kaiwa gare ta ba. Microsoft da kanta ba ta iya ƙirƙiro makullin da ya ɓace. Wanda zai sauya wani abu a BIOS ya dakatar da kariyar tukuna ta zaɓin Suspend protection, idan Windows ɗinsa tana da shi.

Saura ƙananan abubuwa, amma kowanne yana iya ceton yini guda. A haɗa filash na saka Windows da manhajar Media Creation Tool ta Microsoft tun kwamfuta na da lafiya. Yana buƙatar filash na aƙalla gigabait 8, kuma abin da za a sauke ya kai gigabait da dama, don haka a tanadi data. A fitar da kwafin direbobin da ke aiki yanzu, musamman na Wi-Fi, da wannan umarni, idan E ne harafin filash kuma an riga an buɗe foldar:

DISM /Online /Export-Driver /Destination:E:\Direbobi

A bar sarari a faifan C, a ganina kada ya gaza gigabait 30. A cire manhajar riga-kafin ƙwayoyin cuta ta wani kamfani daban, a zare firinta da duk abin da ke jone ta USB wanda ba dole ba. Batun wuta kuma ba abin sakaci ba ne. Kwamfutar cinya mai lafiyayyen batir tana iya jure ɗaukewar wuta, amma ta tebur ko wadda batirinta ya mutu ba za ta jure ba, don haka ko dai a jona ta da UPS ko inbata, ko a kunna janareta da isasshen mai, ko a jinkirta aikin. Fara sabuntawa da dogaro ga wutar da ba a san lokacin tafiyarta ba ganganci ne.

Idan sabuntawa ta gaza ta dawo da kai Windows 10

Wannan ita ce mafi sauƙin matsala, domin kwamfuta na aiki kuma ta bar lambar kuskure. A rubuta lambar gaba ɗayanta. Idan 0x80070070 ce, sarari ne ya gaza. Idan 0xC1900208 ce, akwai manhajar da ba ta dace da Windows 11 ba, sai an cire ta. Lambobin 0xC1900200 da 0xC1900202 suna nufin kwamfutar ba ta cika sharuɗɗa ba. Lambar 0x800F0922 takan fito ne idan ƙaramin ɓangaren faifai da tsarin ke keɓe wa kansa ya cika, ko kuma an kasa kaiwa ga rumbun sabuntawa, misali saboda VPN, manhajar da ke karkatar da hanyar intanet. Wadda aka fi haɗuwa da ita ita ce 0xC1900101, kuma kusan kullum direba ce ta jawo ta. Tana zuwa da lamba ta biyu, kamar 0x20017 ko 0x30018, wadda alƙalaminta na farko bayan 0x ke nuna matakin da aka tsaya: 2 na nufin muhallin wucin gadi, 3 tashin farko, 4 tashi na biyu.

Ba sai an yi ta canki-canki ba. Windows tana gudanar da wata manhajar bincike mai suna SetupDiag da kanta bayan gazawa, ta ajiye sakamakon a C:\Windows\Logs\SetupDiag, kuma sau da yawa sunan direbar da ta hana ruwa gudu yana rubuce a ciki. Mai son ƙarin bayani ya duba fayil ɗin setuperr.log a cikin $Windows.~BT\Sources\Panther. Idan an gane direbar, a sauko da sabuwarta daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ko a cire na'urar da take yi wa aiki. Kafin a sake gwadawa, yana da kyau a gyara tsohuwar Windows ɗin ita kanta, domin wadda fayilolinta suka lalace ba ta ƙaura lafiya. A buga DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, a jira ya gama, sannan a buga sfc /scannow. Maimaita sabuntawa sau biyar ba tare da an sauya komai ba ɓarnar data ce kawai.

Akwai kuma lokacin da kwamfuta ta cika sharuɗɗa amma Windows Update ta ƙi kawo sabuntawar. Microsoft takan dakatar da ita da gangan ga nau'in kwamfutocin da aka gano suna da matsala da wata direba, har sai an gyara. Tilasta ta da filash a irin wannan hali shiga ramin da aka riga aka yi maka shinge ne.

Idan kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya

A nan ne ake buƙatar natsuwa. Baƙin allo, ko shuɗin allo mai maimaita kansa, ko tambarin kamfani da ɗigogi masu juyawa ba iyaka, duk ba sa nufin fayiloli sun tafi. Abin nema shi ne muhallin gyara na Windows. Yakan buɗe da kansa bayan tashi ya gaza sau biyu a jere. Idan bai buɗe ba, kuma an tabbatar kwamfutar ta daskare ba aiki take yi ba, a kunna ta, da zarar tambarin Windows ya bayyana a danne maɓallin wuta har ta mutu, a maimaita, a karo na uku za ta shiga Automatic Repair. Idan hakan ma bai yiwu ba, a tashe ta da filash ɗin da aka haɗa, ta F9 a HP ko F12 a Dell da Lenovo, a zaɓi gyaran kwamfuta a maimakon sakawa.

Kafin kowane gyara, wanda bai yi kwafi ba ya fara ceto fayilolinsa. A shiga Troubleshoot, sai Advanced options, sai Command Prompt. A buga notepad, a cikinsa a zaɓi File sannan Open, a sauya nau'in fayil zuwa All Files. Tagar da ta buɗe tana ba da damar yawo cikin faifai, a kwafi folda a zuba a filash. Ba ta nuna ci gaban kwafi, don haka za ta yi kamar ta daskare, a yi haƙuri da ita. A lura cewa a wannan muhalli haruffan faifai sukan sauya, abin da ka sani da C yana iya zama D, shi kuwa X na muhallin gyaran ne. A duba Users, a kuma duba Windows.old\Users, domin idan sabuntawa ta katse a tsakiya fayilolin na iya kasancewa a ɗayan biyun. Wata hanyar ita ce a tashi da filash na Linux Mint ko Ubuntu, manhajojin kyauta da ke aiki a madadin Windows, ba tare da an saka su ba, a kwashe fayilolin daga can, ko a ciro faifan a jona shi da wata kwamfuta. Duk waɗannan hanyoyi suna buƙatar lambobin nan 48 idan faifan a rufe yake.

Bayan fayiloli sun tsira, sai a bi gyare-gyaren daga mai sauƙi zuwa mai tsauri. Startup Repair ne na farko. Idan bai yi ba, a shiga Uninstall Updates a zaɓi cire latest feature update, wanda ke mayar da kwamfuta kan Windows ɗin da ta baro ta amfani da Windows.old. Idan ana zargin direba ce, musamman ta allo, a shiga Startup Settings a danna 4 don Safe Mode, inda Windows ke tashi da direbobin dole kawai, a buɗe Device Manager, wato jerin na'urorin kwamfuta, a cire direbar, a sake kunnawa. Shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE yana nufin Windows ta kasa karanta faifan da take kai, kuma abin da ya fi jawo shi shi ne direbar faifai ko sauya saitin SATA, wato na mahaɗar faifai, a BIOS tsakanin AHCI da RAID; wanda ya taɓa wannan saiti ya mayar da shi yadda ya same shi.

Idan kuma bayanan tashi ne suka lalace, kamar yadda kan faru bayan ɗaukewar wuta, ana sake gina su. A Command Prompt a buga diskpart, manhajar sarrafa faifai, sai list volume, a nemo ƙaramin ɓangare mai tsarin FAT32 wanda girmansa bai wuce 'yan ɗaruruwan megabait ba, a zaɓe shi da select volume da lambarsa, a buga assign letter=S, sai exit. Daga nan:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

A sauya C da harafin da Windows take kai a wannan muhallin. Ina jan hankali sosai a kan diskpart: umarnin clean da format suna nan a cikinsa, ba sa neman tabbaci yadda mutum zai zata, kuma babu wani dalilin buga su a wannan aiki. Wanda bai saba da baƙin allon umarni ba ya kai wa mai gyara, amma ya faɗa masa a fili tun a bakin ƙofa cewa ba a yarda a yi fomat ba sai an fitar da fayiloli ya gan su da idonsa. Fomat shi ne hanya mafi sauri ga mai gyaran da layi ke jiransa, kuma ba shi ne zai yi asarar takardun shekaru ba.

Idan Windows 11 ta hau amma abubuwa sun rikice

Wani lokaci mutum yakan shiga ya tarar da Desktop wayam, babu fayil ko ɗaya. Kafin hankali ya tashi, a duba ko akwai saƙon da ke cewa an shigar da kai da temporary profile. Idan haka ne, asusunka na nan, Windows ce ta kasa buɗe shi a wannan karon; kada a ajiye komai a wannan asusu na wucin gadi domin yana gogewa, a sake kunna kwamfuta sau ɗaya ko biyu. Idan ba haka ba ne, a duba C:\Users da C:\Windows.old\Users, a kuma duba foldar OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, domin idan an kunna ajiyarsa yakan ɗauke Desktop da Documents ya mayar cikin tasa foldar.

Rashin Wi-Fi ko sauti ko firinta matsalar direba ce. Wanda ya fitar da direbobinsa tun farko sai ya buɗe Device Manager, ya zaɓi na'urar da ke da alamar gargaɗi, ya nuna mata foldar da ke filash. Wanda bai yi ba ya jona wayar Android da kebul ya kunna USB tethering, wanda galibi yake aiki ba tare da ƙarin direba ba, ya samu intanet ya sauko da abin da ya rasa. Tsohuwar direba da Windows 11 ta ƙi lodawa kuma, wataƙila tsarin tsaro na Memory integrity ne ya hana ta. Nemo sabuwarta ya fi kashe wannan kariya. Jinkiri da zafi a ranar farko ba abin damuwa ba ne, kwamfutar tana jera fayiloli tana sauke sauran sabuntawa.

Idan an gwada an ga ba za a iya zama da ita ba, misali wata manhajar da aikin ofis ya dogara da ita ta ƙi tafiya, akwai ƙofar komawa: Settings, sai System, sai Recovery, sai Go back. Kwana 10 kacal take a buɗe. Bayan haka Windows tana goge Windows.old da kanta, maɓallin ya dushe. Haka kuma yake mutuwa nan take idan mutum ya goge foldar don neman sarari, ko ya bar wata manhajar share-share ta goge ta. Kwana 10 ya yi kaɗan ga wanda wasu ayyukansa sai ƙarshen wata suke tasowa, kamar lissafin albashi ko fitar da sakamakon jarrabawa, don haka shawarata ita ce a tsawaita wa'adin a ranar farko da wannan umarni, wanda iyakarsa kwana 60:

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60

Dole a buga shi kafin kwana goman su cika. Mai komawa ya tabbatar yana tuna kalmar sirrin da yake shiga Windows 10 da ita, ya kuma sani cewa manhajojin da ya saka bayan ƙaura sai ya sake saka su.

Idan wa'adin ya wuce kuma Windows 11 tana ta ba da matsala, har yanzu ba a kai ga fomat ba. A shafin Recovery akwai Fix problems using Windows Update, wanda ke sake shimfiɗa manhajar ya bar fayiloli da manhajoji da saituna. Haka ma ana iya buɗe setup.exe daga filash ko fayil ɗin ISO mai ɗauke da Windows 11 tun ana cikin Windows, a zaɓi Keep personal files and apps. A bayansu akwai Reset this PC da zaɓin Keep my files, wanda ke barin fayiloli amma ya cire manhajoji. Sabuwar sakawa daga tushe ita ce ta ƙarshe, bayan kwafi ya tabbata. Lasisi ba ya ɓacewa a wannan hali: kwamfutar da ke da halastacciyar Windows 10 tana da lasisin da ke ɗaure da injinta, kuma zai dawo da kansa idan ta hau intanet, muddin an saka nau'in da take da shi, Home a gurbin Home, Pro a gurbin Pro.

Game da kwamfutar da ba ta cika sharuɗɗa ba, an san akwai hanyoyin tsallake binciken, har manhajar Rufus tana da zaɓin yin haka yayin haɗa filash. Sau da yawa Windows 11 takan hau ta yi aiki. Amma Microsoft ta bayyana cewa ba ta lamunce wa irin wannan kwamfuta sabuntawa ba, babbar sabuntawar shekara ba ta cika zuwa mata da kanta ba, kuma daga fitowar sabuntawar 24H2 ta Windows 11 a watan Oktoban 2024 tsofaffin firosesa da ba su da umarnin SSE4.2 ba sa ma iya tayar da ita. Ga kwamfutar gwaji babu laifi. Ga wadda abincin mutum ya dogara da ita kuwa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: a zauna a Windows 10 ƙarƙashin ESU, muddin wa'adinsa bai ƙare ba, yayin da ake tara kuɗin wata, ko a koma Linux Mint idan aikin bai wuce intanet da rubuce-rubuce ba.

Bayan an yi makonni ana aiki, an buɗe kowace manhaja, an buga takarda, an tabbatar fayiloli sun cika, sai a karɓi sararin da Windows.old ta riƙe ta hanyar Settings, System, Storage, Temporary files, a zaɓi Previous Windows installation. A wannan zama kuma a kunna System Protection a ajiye sabon wurin komawa, domin na zamanin Windows 10 ba sa aiki a nan, a sake duba manage-bde -status tunda ana iya samun faifan ya rufe bayan shiga da asusun Microsoft, a kuma sabunta filash na gyara ya zama na Windows 11.